KADA MU BAI WA YARO AKWALA DON WAI KOYO ZAI YI



Maganar da na kawo yau na san wani zai ce ba ta talaka ba ce. Mutumin da ke fama da kuɗin taki da na magani, ina shi ina zancen saya wa yaro mota? Gaskiya ne, yawancinmu ko keke sai mun yi adashi. Amma ku duba, a cikinmu akwai wanda Allah ya buɗa wa a cinikin hatsi ko na shanu ko na yadi, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi mota don kai kaya kasuwa da kai iyali asibiti. Shi kuwa bai iya tuƙi ba, ko kuwa ba shi da sukunin barin rumfa. To, wa zai miƙa wa makulli? Babban ɗansa. Wanda kuma ba shi da ko keken, ai shi ne mai tafiya a gefen titi da buhu a ka, kuma 'ya'yansa ne masu tsallakawa zuwa makaranta. Saboda haka motar da aka ba yaro a gidan Alhaji, ta shafi har wanda bai taɓa shiga zauren Alhaji ba.

Akwai wata al'ada da muka ɗauka wadda nake so mu sake dubawa. Idan za a sama wa yaro motar fari, sai ka ji uba ya ce wa dillali, “A nemo mini wata 'yar tsohuwa mai araha, ai koyo zai yi, ko ya buga ta ba a yi hasara ba.” Sai a kawo akwala, birki sai an taka sau uku, fitila ɗaya makauniya, sitiyari yana rawa, tayoyi sun yi sumul kamar tafin hannu. Watau direban da ya fi kowa rashin gwaninta a gida, shi aka ba motar da ta fi kowace bukatar gwani. Tsohon direba wanda ya shekara 20 a hanyar Sakkwato yana iya lallaba irin wannan mota ya kai ta gida, domin ya san halinta, ya san tun daga ina zai fara neman birki. Yaro bai san wannan ba. Uban ya yi lissafin ƙarfe, ya manta cewa ɗansa na cikin ƙarfen.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda suke ƙirga kome, sun gano cewa direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya kai 20 kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, in aka auna da nisan tafiyar da kowa ya yi. Wannan fa a ƙasar da hanya take da zane da alamu, ga motar asibiti tana jira. To, ina ga yaron da zai hau babbar hanyar nan da ta taso daga Funtuwa ta bi Tsafe da Kwatarkwashi, ta ratsa Gusau da Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara ta nufi Sakkwato, inda tirela da tanka ba su yankewa, ga babura, ga shanu, ga masu talla?

Kafin a yi zancen wace mota, sai a fara da zancen wane yaro. Dokar ƙasar nan ba ta yarda a ba mutum lasin tuƙi ba sai ya cika shekara 18. Lasin motar haya kuwa sai ya kai 26. Ku lura da wannan na biyun, ku masu niyyar saya wa saurayi Golf ya riƙa jigila tsakanin Gusau da Tsafe yana kawo balas da yamma. Yaron da ke tuƙa kansa daban, wanda aka ɗora wa rayukan mutum shida da buhunan masara, ga balas na jiransa, daban. Balas shi ke sa direba gudu, domin sawu uku ya fi biyu kuɗi, kuma yaro ba shi da ƙarfin zuciyar da zai dawo ya ce wa ubansa yau ban cika ba. Idan kana son ɗanka ya zama direban haya, hanyar da iyayenmu suka bi tana nan: ya yi yaron mota a hannun direban kirki, ya koyi ɗaurin kaya da canjin taya da duba ruwa da baƙin mai, shekaru su zo su same shi a kai.

Amma ga abin da muke gani da idonmu: yaro ɗan shekara 14, sai an sa masa matashi kafin ya hango gaban mota, yana zagaya gari, uban kuma yana alfahari wai yaron nan akwai kai. Ranar da ya take ɗan wani, a wannan rana za a gane cewa ba lasin, inshora kuma ba ta san da zamansa ba, kome zai faɗo a wuyan uba, har da rumfar kasuwa da gonar gado. 'Ya'yan manya suna wasan mota a wurin biki, su yi ɓarna, a buga waya, a kashe magana kafin gari ya waye. Kai talaka wa za ka buga wa? Kada ka yi koyi da wanda ke da inda zai faɗa.

Haka kuma lasin da ake samowa ta bayan gida, a ba wani kuɗi ya kawo kati har rumfa ba tare da yaro ya ga makarantar tuƙi ba. Hanyar gaskiya ita ce ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, jami'in duba motoci ya jarraba shi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ta fi tsawo, ta fi wahala, kuma lalle muna da haƙƙin mu nemi hukuma ta sauƙaƙa wa mutanen karkara ita, ta kuma tsare ta daga masu cin hanci. Amma kati na jabu ba ya taka birki.

To, yanzu motar. Kashedi na farko da zan yi ya saɓa wa son ran yaro. Shi abin da yake so Marsandi ce mai ƙarar salansa, ko wata mai babban inji wadda da an taɓa totur sai ta zabura, a sa mata baƙin gilashi, abokai su yi ta kirari. Kada ka saya. Mota mai silinda huɗu, mai matsakaicin jiki, irin su Corolla da Civic da Vibe da Golf, ta ishe shi, ta ishe ka. Babban inji jarraba ce ga saurayi, kuma lissafin gudu ba shi da tausayi. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a kan birki. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ninkawa yake yi huɗu. Dokar hanya ta yanka wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya. Wace mota ce ba ta iya 80? Ga kuma zancen mai. Tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haye 1,000 a 2024. Mai silinda shida za ta cinye ribar rumfa ba ka ankara ba.

Jif mai tsayi ita ma ban ba da shawararta ba, ko da an ce ta fi dacewa da hanyoyin ƙauyukanmu da damina. Nauyinta a sama yake, kuma kuskuren da sabon direba ya fi yi shi ne fizgar sitiyari idan ya ga rami ko akuya ba zato. Ƙaramar mota za ta yi tangaɗi ta daidaita, jif kuwa, musamman tsohon yayi, tana iya kifewa. Ƙanƙanuwar mota ainun wadda ba ta da hanci ita ma haka, domin ba abin da zai sha bugu kafin ya iso ga ƙafafun direba.

Wani abu kuma da mutanen birni ba su cika sa shi a lissafi ba, mu kuwa dole ne. A ƙasarmu ta Zamfara, yadda sha'anin tsaro ya zama a shekarun nan, motar da ta mutu a daji tsakanin gari da gari bayan la'asar ta wuce zancen ɓacin rai da kuɗin bakanike. Saboda haka motar da kowane bakanike a Gusau ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a shago, ta fi wata baƙuwa mai kyau wadda sai an aika Kano ko Legas a jira mako biyu. Ka tambayi bakanike kafin ka tambayi dillali. Dillali la'adarsa yake nema, wannan kuwa sana'arsa ce, ba a zarge shi ba. Amma kada ka yarda bakaniken da zai duba maka mota ya zama wanda dillali ya kawo.

Bari mu daɗe kaɗan a kan tarihin motocin da ake kawo mana, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, gama a nan ne aka fi cutar mai saye. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Da hukumomin Holan suka bincika waɗanda ake lodawa a tashar jirgin ruwansu, sai suka tarar yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiyar hawa hanya, da yawa kuma sun shekara 16 zuwa 20. Watau abin da dokarsu ta hana su hawa, shi ake wankewa a turo mana. Daga Amurka kuma akwai motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, kamfanin inshora ya biya mai su, ya yi gwanjonsu. Su iso nan, mai gyaran bodi ya buge, mai fenti ya fesa, su fito kamar amare.

Yaya za ka gane? Ka je da rana tsaka, kada ka yarda da duban magariba. A sa motar a kan rami, bakanikenka ya shiga ƙarƙashi ya duba casis, ko akwai walda ko lanƙwasa. Ka duba ko ƙofofi suna rufuwa daidai, ko launin fenti ya bambanta daga ƙofa zuwa ƙofa. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba tsatsa da busasshen laka a ƙarƙashin kujera, wannan alamar ruwa ce, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba su ƙara yin lafiya. Kowace mota tana da lambar casis mai harafi da lamba 17, tana nan a gindin gilashin gaba wajen direba. Idan daga Amurka ta fito, yaron nan da za ka saya wa, wanda kullum kansa na kan waya, yana iya sa lambar a intanet ya ga tarihinta, wani lokaci har da hoton yadda take ranar da aka yi gwanjonta. Ka sa shi ya yi wannan aiki a gabanka. Ka kuma tabbata lambar ta yi daidai da ta takardun kwastan, gama ran 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma mutane da yawa sun sayi mota da guminsu aka karɓe ta a hanya saboda takarda.

Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ran 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motar Ingila ko ta Japan mai sitiyari a dama sai an yanke an sake haɗawa kafin ta shiga kasuwa. Abin da kamfani ya auna ya ƙera, wani ya sake shi da walda a bakin titi, ba shi za ka ɗora ɗanka a kai ba.

Sai jakar iska, wadda ke kumbura ta tare ƙirji da fuskar direba in an yi karo. Idan ka kunna makulli, fitilarta a gaban direba za ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe an cusa tsumma an liƙe. In kuma ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Haka fitilar ABS, watau na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, don direba ya iya kauce wa abin da ke gabansa. A nan dole in faɗi wani abu game da motocin da na yaba a sama. Kamfanin Takata na Japan ya ƙera jakunkunan iska da wani sinadari da ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, har ya fashe ya watsa ƙarfe a fuskar mutum. An kira motoci miliyoyi don a canja musu, kamfanin kansa ya karye a 2017. Honda Accord da Civic na farkon shekarun 2000, da Corolla da Matrix da Vibe na wajen 2003 zuwa 2008, suna cikin waɗanda abin ya shafa. Da yawa an gyara su tun suna can, wasu kuwa an turo su haka nan. Lambar casis ɗin nan ita za ta nuna maka, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ba ta karɓar ko kwabo a kan wannan bincike. Wanda kuma aljihunsa ya kai ga motar 2012 zuwa sama, ya samu ƙarin wata na'ura mai daidaita mota in ta fara sulɓewa a kwana, wadda tun daga wannan shekara Amurka ta tilasta sa ta a kowace sabuwar ƙaramar mota. Ga sabon direba, wannan ta fi kujerar fata da talabijin a bayan kujera amfani nesa ba kusa ba.

Na san abin da za a ce: duk wannan kuɗi ne. To, ga lissafin da nake ganin ya dace da ɗan kasuwa. Kada ka zuba duk abin da ka tanada a kan farashin mota. Ka sayi wadda ta gaza ƙarfinka, ragowar ka kashe a kan abin da ke taɓa ƙasa da abin da ke tsayar da ita. Taya huɗu sababbi, ba na gwanjo ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere masu nuna ranar ƙira: in ka ga 2319, watau mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙira, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tsufa take yi ko a ajiye. Tayar gwanjo da ta gama aikinta a ƙasar ƙanƙara, ka ɗora ta a kwaltar Zamfara cikin zafin Afrilu, ka loda buhu biyar a but, me kake jira? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tayar gaba ta fashe a hannun gwani, ya riƙe sitiyari ya saki totur ya bar mota ta lafa. Ta fashe a hannun yaro, abin da zai fara yi shi ne danna birki iya ƙarfinsa, shi ne kuwa abin da ke juya mota. Bayan taya, a sake takalmin birki da man birki, a gyara fitilu da madubai da abin share gilashi, a duba shokazoba. Inshorar nan ta dole ga motar gida naira 15,000 aka yanka mata a shekara tun Janairun 2023, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ka yanka ta gaskiya a kamfani mai rajista, gama akwai takardun bogi da ba su da amfani sai nuna wa ɗan sanda.

Ɗamarar kujera kuwa ba ta cin ko sisi. Wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ya ƙago irin wadda muke gani yau, aka fara sa ta a mota a 1959, kuma bincike ya nuna tana rage mutuwar na gaban mota da kusan rabi. A nan Nijeriya an fara tilasta ɗaura ta tun Janairun 2003. Amma ka ja kowace ɗaya da hannunka ka fizga ka ga ta cije, gama a tsofaffin motoci akan tarar ta tsinke ko an ƙulle ta a bayan kujera don a kashe ƙarar gargaɗi. In kuma kai uba kana ɗaura taka ne sai ka hango 'yan rodsefti, ka sani yaron yana kallonka.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bar rumfarsa a buɗe ya tafi gida ya kwanta, wai sata ba ta wuce ranarta ba.

Waɗanda ƙarfinsu bai kai mota ba, babur za su saya, kuma su suka fi yawa. Maganar shekaru da ta birki da ta taya duk ta hau kansu, har ta fi, domin mai babur jikinsa ne bodi. A haɗa kuɗin hular kwano ta gaske cikin kuɗin babur tun ranar saye.

In an sayi motar kuma, kada a miƙa makulli gaba ɗaya rana guda. Ƙasar Niyu Zilan ta fara wani tsari a 1987 wanda ƙasashe da yawa suka ɗauka daga baya: sabon direba ba ya tuƙin dare, ba ya ɗaukar abokai, sai ya yi watanni yana nuna hankali sa'an nan a sakar masa. Dalili kuwa sananne ne, saurayi shi kaɗai a mota mutum ne mai hankali, samari huɗu a mota kowa na zuga kowa. Mu ba sai mun jira majalisa ta yi mana wannan doka ba, kowane uba yana iya kafa ta a zaurensa. Watanni shida na fari, ya riƙa tuƙi da babba a gefensa, cikin gari da kusa da gari, sa'an nan a hau babbar hanya da safe, a koya masa haƙurin bin bayan tirela a wuraren da hanya ɗaya ce ga mai zuwa da mai dawowa, har sai ya hango gabansa sarai. Waya a aljihu. Ba a ba da aron motar don rakiyar amarya, ko ɗan wa ke aure. Da an kira sallar magariba kuma, mota ta shigo gida, makulli ya koma aljihun uba.